Ɗanyen Kifin Najiba

Najiba ce ta ce mu haɗu a sabon gidan abincin Japanawan nan na bayan titin Turaki. Ni kuma na zo da maganata a baki, cewa kawunnaina za su je gidansu ranar Asabar.

Aka sa na cire takalmi, aka zaunar da ni a ƙasa kamar mai jiran ɗaurin aure. Najiba ta zauna gabana, tana ta murza gefen mayafinta. Sai ga faranti: kifi yanka shida, jajir, ko wuta bai gani ba.

Ma'aikacin ya ce, "Kifin teku ne, oga. Wata ɗaya tak ake samunsa a shekara."

Na ce, "To a mayar a soya shi. Wanda ya yanka wannan, gas ne ya ƙare masa ko hankali? Ko magen maƙwabcinmu Sintali sai ta nemi yaji."

Na yi dariya ni kaɗai. Ma'aikacin ya kalli Najiba, ya sulale.

Ta ce, "Ni na yanka, Hambali. Wata bakwai ina koyo a nan. Yau aka fara ba ni wuƙa, na ce kai za ka fara ci."

Na kai hannu da sauri, ta janye farantin a hankali.

"Najiba, kawunnaina fa ranar Asabar..."

Ta miƙe da farantin, idonta ya ciko.

"Ka ce su dakata."