Maki Ɗaya Cikin Goma

Karo na uku ke nan Abdulfatah yana sauraron saƙon muryar, yana taɓe baki.

"Na ba shi maki ɗaya cikin goma," in ji tsohuwar muryar. "Ɗayan ma don takardar tana da kauri ne, za ta yi ƙunshin ƙosai."

Littafin da ake wa wannan cin fuskar nasa ne: Rijiyar Manu, labarin gaskiya cikin zane, don 'yan firamare. Labarin wani makiyayi ne mai suna Manu da ya shiga tsohuwar rijiya a dajin Gagarawa, shekara talatin da suka wuce, ya ɗaura wa yarinyar da ta faɗa ciki igiya aka jawo ta, shi kuma ƙasa ta rufta masa. A bakin dillalan shanu na kasuwar Maigatari Abdulfatah ya tsinci labarin, ya shekara biyu yana zana shi.

A zauren WhatsApp inda iyaye da malaman yankin Gumel ke sharhin littattafan yara, yabo kawai yake sha. Iyaye mata sun ce 'ya'yansu sun yi kuka a shafi na talatin da biyu, inda aka zana kabarin jarumin da sandarsa a kai. Mutum ɗaya ne ya fita zakka, wani Bappa daga Sule Tankarkar, wanda jikarsa Nana Firdausi ta kai masa littafin gida daga makaranta. Ko rubutu ba ya yi, sai dai ya danna waya ya yi ta surutu.

Washegari ya sake turo wani. "Igiyar da aka zana ɗin nan ko akuya ba za ta ɗauka ba. Rijiyar gaba goma sha biyu ce, ba ashirin ba. Kuma da hantsi abin ya faru, wa ya ce muku da yamma?"

Abdulfatah ya yi dariya. Mutumin da bai san bambancin alƙalami da tsinken tsire ba shi ne zai auna masa rijiya.

Saƙo na uku ne ya yi ɓarna. "Kun zana shi yana murmushi a bakin rijiya. Ƙarya ne, a tsorace yake. Ba jarumta ce ta shigar da shi ba, kunya ce. Shi ya janye itacen da aka rufe rijiyar da shi don ya shayar da shanunsa, ya tafi bai mayar ba. Ku daina koya wa yara ƙarya."

Kwana biyu bayan nan, ƙungiyar da ta shirya raba littafin a makarantu arba'in ta kira Abdulfatah ta ce a ɗan dakata, sai an tantance.

Ran nan ya yi wa mutumin kallon tsaf a ransa: wani tsohon mahassadi ne, ƙila sa'an marigayin, wanda har ya tsufa bai taɓa ceton ko ɗan tsako ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, duk cikin saƙonnin nan ko sau ɗaya bai ce Allah ya jiƙan Manu ba.

Ranar kasuwa ya hau babur zuwa Sule Tankarkar, da littafin a aljihu. Bai sha wuyar nema ba. Aka nuna masa wani tsoho a gindin darbejiya yana tufkar igiya, ƙafafunsa biyu a shanye, ya naɗe su ƙarƙashin riga.

Abdulfatah ya yi sallama a taƙaice, ya ƙi zama.

"Baba, ni ne marubucin da kake yi wa ba'a. Shekara biyu na yi ina bincike. Dillalai bakwai na tambaya."

"Dillalai," tsohon ya maimaita, bai ɗago ba. "Su da ke sayar maka da tsohuwar saniya su ce karsana ce."

"Ko ba komai mamaci yana da haƙƙi. Ka bar shi ya kwanta lafiya. Mene ne naka a ciki? Kana wurin?"

Tsohon ya ajiye igiyar. Ya miƙa hannu, ya karɓi littafin, ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana duban kabarin.

"Bayan la'asar aka tono shi, Malam. Aka tsallaka da shi Damagaram wajen mai ɗori, ya shekara tara can bai waiwayo gida ba." Ya rufe littafin ya mayar masa. "Kabarin dai ya yi kyau, na gode. Amma in za ka sake binne ni, ka fara zuwa ka tambaye ni."