Kirsimeti Ba Atamfa

Apollos ya daɗe tsaye a ƙofar gidan su Zipporah a unguwar Shagari Low Cost kafin ya yi sallama. Jajibirin Kirsimeti ne, amma ba komai a hannunsa sai ƙunshin busasshen kifi.

Ta fito tana kakkaɓe garin cincin daga hannunta. Ya kasa kallon idonta.

"Zipporah, atamfar da na yi miki alkawari..."

"Na haɗu da mamarka a asibiti," ta ce a hankali. "Ta gaya mini wanda ya saya mata magani."

Ya sunkuyar da kai. "Babanki zai ce wanda ya kasa sayen atamfa ba zai iya riƙe mata ba."

"Baba da kansa ya hana mu ɗinka sabon kaya bana." Ta karɓi kifin, ta rungume shi a ƙirji. "Na gode, Apollos."

Sai a lokacin ya ɗago, idanunsa sun cika da ƙwalla.

Ta matsa gefe, ta ba shi hanya. "Baba yana tsakar gida. Shiga ka nemi aurena a wurinsa, don ni na riga na amince."