Ɓarawon Muryar Lauya

A ƙofar ofishin Lauya akwai kwando. Duk mai shiga sai ya jefa wayarsa a ciki, ko da gaisuwar mutuwa ta kawo shi. Shekara uku ke nan Lauya yana yawon lacca a kan abu ɗaya: murya dukiyar mai ita ce, wanda ya naɗe ta babu izini ɓarawo ne, a kasuwa ne ko a cikin mota. A shagon aski ma ba ya magana, sai dai ya nuna wa mai askin ƙeya da yatsa.

Ran nan ƙanwarsa ta shigo, ta ajiye wayarta a kwando, ta zauna tana murmushi.

"Yaya, ashe kana da kirki a ɓoye. Mama sai sa maka albarka take. Wai kullum da safe sai ka kira ka tambayi gwiwarta."

Lauya ya lalubo lissafi a ransa. Kiransa na ƙarshe ga Mama ya kai wata biyar, shi ma minti ɗaya ne, yana neman takardar haihuwarsa. Ya ce gobe ta naɗo masa kiran ya ji. Ta ce ba shi ya ce sata ba ne? Ya ce wannan bincike sunansa.

Ta naɗo ta kawo masa, ya saurara. Muryarsa ce sak, har da gyaran maƙogwaron, har da "a taƙaice dai" ɗin nan da yake faɗa kafin ya kwashe awa yana zuba. Muryar ta tambayi gwiwa, ta tambayi magani, sannan ta yi shiru minti ashirin tana sauraron rigimar Mama da maƙwabciya a kan famfo, ba ta katse ta ko sau ɗaya ba. Wannan haƙurin ne ya fi tayar masa da hankali. Ƙwararren ɗan damfara kaɗai zai iya shi, kuma ba don Allah yake lallaɓar tsohuwa ba.

Washegari ya shiga rediyo ya rantse sai ya ɗaure mai wannan aiki, ko wane ne, in ya kasa kuwa a daina kiransa lauya. Daga can ya biya wurin mai gyaran waya na bakin layin su Mama.

"Irin wannan, ranka ya daɗe, sai an naɗi muryarka ta awa uku, tsaf, daga kusa, kafin na'ura ta iya kwaikwayonta," in ji mai gyaran, idonsa a kan wata waya da yake kwancewa. "Awa uku da 'yan mintuna."

Lauya ya dawo ya zuba wa kowa ido. Ya sallami direba don ya cika tambayarsa hanya. Ya canza mai aski. Akawunsa ya koma karɓar umarni a rubuce. Matarsa ta ce ita kam gida ya yi mata daɗi.

A laccarsa ta gaba ya sa aka caje kowa a ƙofa, har da mai gabatarwa. Zaure ya cika. Mama na layin farko kamar kullum, jakarta a cinya, tana ɗaga masa hannu ya ƙara murya don kunnenta ya yi nauyi. Ganinta ya ƙara masa zafi. Ya nuna ta ya ce ga baiwar Allah da azzalumai suke wasa da hankalinta. Aka yi tafi, ita ma ta tafa.

Ya shigar da ƙara, aka sa rana. Saura shaida, wato wayar Mama. Da hantsi ya isa gidan da ɗan sanda, ya bar shi a waje. Ya tarar da ita a kan kujera tana shafa wa gwiwa man zafi.

"Yau kai ne da kanka? Lafiya dai ko?"

"Wayarki na zo karɓa, Mama. Mai kiranki ba ni ba ne."

"To. In an kama shi me za a yi masa?"

"Shekara biyu, babu zaɓin tara."

"Ko da tsoho ne?"

"Doka ba ta san furfura ba."

Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Mama ta duba ta, ta dube shi, ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta jawo mayafinta.

"Ka ce wa ɗan sandan ya ba ni minti ashirin in sallami ɗana, sai mu tafi," ta ce. "Lacca tara na zauna da waya a jaka kafin mai gyara ya ce muryar ta isa, wallahi wannan kaɗai ya kamata alƙali ya cire min a cikin shekara biyun."