Shafukan da Habboba ta Zare

Ina 'yar shekara tara wani ustaz ya zo ƙauyenmu daga Khartum, murmushinsa ya yi yawa. Littafin waƙoƙin marigayi kakana yake so, ɗan siriri na ajami da wata ƙaramar maɗaba'a ta buga a Sinnar. Namu kaɗai ya rage. Wai za a kai shi gidan adana takardu, masana su karanta.

Kakata, Habboba, ta zuba masa jabana, gahawarmu, ta ja ni ɗaki. Littafin na ƙanshin turaren wuta da tsohuwar fata. Ta tsinke zaren ɗinkin da haƙori, ta zare shafukan tsakiya, ta sake ɗinkewa.

Na ce, "Habboba, wannan ai ha'inci ne!"

"Rufa mini baki, uwar surutu. In da gaske karantawa za su yi, su ga waƙa ta yanke, shi dawo biɗar saura. Rannan in ba shi da hannu biyu."

Ya karɓa yana ta godiya, ko buɗewa bai yi ba.

Har Habboba ta rasu, in ta ji ƙarar mota sai ta leƙa ko ustaz ne ya dawo. Shafukan suna wurina yanzu, kuma ni ba na leƙawa.