Farar Laka a Fuskar Moro

Mai gadin gidan yarin ya caccaka gasasshen dankalin da cokali, kamar yadda ya saba, sannan ya miƙa wa Moro jakar saƙarta.

"Tsohuwa, har yanzu lakar nan? Ko ruwa ya ƙare a yankinku na Simbu ne?"

Ta karɓi jakar ta wuce. Tun ranar da abin ya faru ta shafe fuskarta da farar laka irin ta masu baƙin ciki, ta rantse ba za ta wanke ba sai an yi wa ɗanta adalci. Mu iyaye mata mun san irin wannan rantsuwa. Ba ta barin mutum barci.

Abin da ya faru kuwa, kowa ya sani. Wa da ƙane ne suka yi shekaru suna rigima a kan gonar kofi guda, har rigimar ta gangaro kan 'ya'yansu. Wata safiya aka tsinci Kerenga a bakin rafin da ke ƙasan gonar, an sassare shi da adda. Ƙanensa Waim ya ce da idonsa ya ga ɗan baffansu Siune yana gudu. Kotu ta yi wa Siune ɗaurin rai da rai. Aka ƙona bukkoki, dangi suka watse, uban Siune ma ya tsere can bakin teku. Moro kaɗai ke zuwa ganin Siune.

"Mama," in ji Siune ta bayan ragar ƙarfe, "ban san da me zan saka miki ba."

"Ci abincinka. Dubi wuyanka kamar na kaza. A haka zan kai ka gida?"

Ta sayar da aladenta kaf, har da uwar garken, ta ɗauko lauya daga birnin Hagen. Lauyan bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ɗaukaka ƙara ba kuka ba ne. Muddin shaidar Waim na nan tsaye, Siune a ciki zai tsufa.

Washegari ta hau tudu har ƙofar Waim. Mutane suka tsaya nesa-nesa suna jiran ihu. Shiru. Can sai ga ta ta fito, Waim na biye da ita, kai a sunkuye kamar yaron da aka aika.

A gaban manyan alƙalai uku Waim ya ce gajimare ne ya rufe kwarin ranar nan, bayan mutum kawai ya hanga, zafin rai ne ya sa shi kama suna. Lauyan gwamnati ya yi ta faɗa. Babban alƙalin ya ja wa Waim kunne cewa shaidar zur na kai mutum kurkuku. Waim ya dubi benci na baya, inda Moro ke zaune da hannuwa a cinya, ya maimaita maganarsa tiryan-tiryan.

Aka soke hukuncin.

A bakin kotu lauyan ya ja Siune gefe. "Abokina, ka ji shawara. Ka bi ubanka bakin teku. Kada ka kwana a Simbu."

"Yaro ai sai ya ga gida," in ji Moro.

Siune ya yi dariya, karo na farko. Abincin Moro ya sa ya yi kumatu, fatarsa har sheƙi take. "Lauya, kai baƙo ne. In Mama ce da kanta ta kai ni, magana ta ƙare ke nan."

Motar haya ta sauke su a bakin titi da la'asar. Maimakon hanyar ƙauye, Moro ta ɗauki wadda ta ratsa gonar kofi. Siune na baya ɗauke da jakarta, yana ta surutu: zai gina mata sabuwar bukka, zai mayar mata da aladenta, har da ƙari.

A bakin rafi ya tsaya cak. Ganyen kofi na motsi, ba iska. Waim ya fito da adda a hannu, maza huɗu a bayansa.

"Mama?" in ji Siune. "Mama, gaya musu!"

Matar baffan nasa, wadda yake kira Mama, ba ta waiwaya ba. Ta tsuguna, ta ɗebi ruwa da tafi biyu, ta soma wanke fuskarta a daidai wurin da aka tsinci Kerenga, ɗan da ta haifa.