Mai Jifan Da Ya Fi Yarda Da Ƙafarsa

Wai in cire maka Gambo daga layin masu tare, shi ne yake sa ana kayar da kai a fili. To, ajiye hular kwanon nan ka zauna, Sallau. Shekarun da na yi ina horar da 'yan wasa sun koya mini cewa dogon surutu ba ya shiga kunnen mai fushi. Misali ɗaya zan ba ka. In ka ɗauka, madalla, in ka ƙi kuma, jiki magayi.

An yi wani mai jifa a wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wannan tamu da ake jefawa da hannu. Hannu kam Allah Ya ba shi, ba a magana. In ya saki ƙwallo sai ka rantse da zare aka ja ta zuwa ƙirjin mai cafewa. A gabansa akwai ƙarti biyar masu tare, aikinsu su hana masu kutse na ɗaya ɓangaren isa gare shi kafin ya yi jifa. Ɗan filin da suke kewaye masa a bayansu shi ake kira aljihu. To, ga abin da masu kallo ba sa lura da shi: mutanen nan biyar baya suka ba shi, kuma ba mai ido a ƙeya a cikinsu. Ba shi suke gani ba, wurin da aka yi da shi zai tsaya suke karewa. Na gefe kuma ba ya tsayar da mai kutse cak, don ƙaton da ya taho a guje ba ya tsayuwa. Ture shi yake yi waje, ya bi shi da turi, har gudunsa ya kwashe shi ya zagaya ta can baya ya wuce a banza. Shi kuwa mai jifa, da ya ji iskar mutum ta gefe, gaba zai taka, ya matso bayan mutanensa, idonsa na can kan mai cafewa. Iyakar aikin ke nan.

Wata rana wani ya kutso ya maka shi da ƙasa har numfashinsa ya ɗauke. Abin da yake samun kowane mai jifa ne, a tashi a kakkaɓe a ci gaba. Amma shi tun daga ranar ya daina yarda da kowa sai ƙafarsa. Da an miƙo masa ƙwallo, idonsa zai bar mai cafewa ya koma kan masu kutse, ya dinga ja da baya kaɗan-kaɗan, wai yana neman sarari. Mai tare na hagu, bawan Allah, yana ta aikinsa yadda aka koya masa. Zai tura mutum ta hanyar baya, sai ya kai shi daidai inda mai jifa ya koma ya tsaya, kamar an aike shi da saƙo. Mai jifa ya tashi yana zage-zage a gaban jama'a, ya kafe sai da aka zaunar da mutumin a benci aka kawo wanda ya fi shi ƙiba. Ba ta sauya zani ba. Sai ma ya ƙara ja da baya, tunda a ganinsa duk ragwaye aka tara masa.

Ana nan sai masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga wata babbar ƙungiya, kuma shi suka zo gani. Damar da ya daɗe yana roƙon Allah ke nan. Wasa ya yi zafi, aka miƙo masa ƙwallo, mai cafewa ya zille wa mai tsaronsa ya tsaya shi kaɗai yana ɗaga hannu. Mai jifa bai gan shi ba, yana can yana kallon wani ƙato da ya taho ta hagu. Taku ɗaya gaba ya ishe shi, sai ya yi baya. Mai tare ya tura ƙaton waje yadda ya kamata, ƙaton ya zagayo ya same shi a kan hanya ya danne shi a kan kafaɗar dama. Har daga bakin fili an ji ƙarar ƙashin. Da aka zo ɗaukarsa sai wani dattijo cikin masu zaɓen ya nuna inda ya kamata ya tsaya, ya ce, "Ku dubi wurin nan. Da tabarma ya shimfiɗa yana cin tuwo, ba mai taka masa kwano." Wallahi abin da ban takaici, hannu irin wannan. Kafaɗar ta warke, amma jifan bai dawo ba, masu zaɓen ma ba su sake waiwayarsa ba.

Na kalli wasanka na ranar Asabar, Sallau, ban ƙifta ido ba. Duk kayen da aka yi maka, can baya aka yi maka shi, ba a inda Gambo yake gadi ba. Saboda haka Gambo yana nan a layinsa. Kai ne gobe za ka riga kowa zuwa fili, ka koya wa ƙafafun nan naka takawa gaba tun kafaɗarka tana taka. Hausawa sun gama magana: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.