Yaran Da Ba Su Hau Takarda Ba

An taɓa tura wata ma'aikaciyar lafiya, sabuwar shiga a aikin binciken annoba, wani ƙauye da aka ce amai da gudawa na ɗauke yara. Da rahotonta za a yanke ko a turo mota da magani ko a bari. Ƙauyen kuwa ya rabu biyu. Tun da aka shimfiɗa kwalta magidanta suka kwashe iyalansu suka koma bakin titi inda aka haƙa burtsatse, suka bar tsofaffi a tsohon gari da tsohuwar rijiyarsu. Aka ba ma'aikaciyar ɗaki a bayan ɗakin shan magani, daga ita sai katifa da risho da tarin takardu. Ba ta san kowa ba, waya ma sai ta hau wani tudu take samun sabis. Matan gari sukan aiko mata da fura, su ce ta shigo a taɓa hira, ta ce aiki ya yi mata yawa. Gaskiyar magana ba ta san abin da za ta ce da su ba in babu takarda a hannunta. Kaɗaici ya ishe ta, sai ta riƙa hucewa a kan aiki. An koya mata cewa a nemo masu ciwo, a nemo masu lafiya, a duba me waɗannan suka ci suka sha wanda waɗancan ba su taɓa ba. Ta zauna ta tsara komai tsaf. Ta ce labarin yaro a bakin uwarsa yake, iyaye mata kuwa duk suna bakin titi, to me za ta je nema wurin tsofaffin da suka daina haihuwa tun kafin a haife ta? Ta ja biro ta soke tsohon gari. Gida ɗari da ashirin ta shiga, kowace mace tambaya iri ɗaya: 'ya'yanki nawa, wa ya kwanta, wa ya rasu? Suka amsa mata ba gardama. Da ta tara ta tace, yara biyu kacal suka rasu. Ta rubuta cewa babu annoba, jama'a ne suka zuzuta, ta aika. Ta ji daɗin aikinta ƙwarai, sai dai ba ta da wanda za ta yi wa albishir.

Wata la'asar tana kan hanyar tudu ta sake hanya ta bi ta gefen maƙabarta. Ƙananan kaburbura ta gani, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba. Mai ƙirga ba ya fasa hali, ta ƙirga, goma sha ɗaya. Can nesa a bayan wata kuka ta hango mace tsaye da damin itace, tana hawaye ba sauti. Ta gane ta, a takarda an rubuta mata 'ya'ya uku, duk lafiya lau. Ta gaishe ta, matar ta ce abu ne ya faɗa mata a ido, ta wuce. Ranar ta fara taka tsohon gari, ta tarar da wata tsohuwa tana jan guga, ta ce, "Iya, yaran wa ake binnewa?" Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, a ina kika girma? Wace mace mai kunya za ta buɗe baki ta ƙirga ɗan fari cikin 'ya'yanta? Da an yaye shi ya zama namu, mu ke riƙonsa." Ashe duk 'ya'yan fari na ƙauyen suna hannun kakanni, suna shan rijiyar da wata shaddar bayan gida ta rufta kusa da ita da damina. Biyun nan da suka hau takardarta ma ba 'ya'yan fari ba ne, gaisuwa suka je wurin kaka suka sha ruwan rijiyar. Ba wadda ta yi mata ƙarya, ita ce ta tambayi bakin da al'ada ta rufe, ta tsallake wanda zai faɗa. A ranar ta sa mai gari ya rufe rijiyar, ta sake rahoto. Amma rahoton farko ya riga ya yi aikinsa, an tura motar zuwa wani gari, kafin ta juyo an ƙara kaburbura uku. Ta je ta'aziyya gida ukun nan ba biro ba takarda, ta zauna a gefen tabarma, kakanni na kuka, iyaye mata sun sunkuyar da kai ba su da ikon yin nasu a gaban mutane.

To kai da kake koyon wannan aiki, kafin ka yi murna da abin da alƙaluma suka faɗa maka, ka zauna da mutanen gari ka ji wa aka bari a waje. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.